Jirgin yaron nan da ɗan harshen da ke wutsiya

Rubutun yau yana da tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai bayan Isha'i.

Da yawanku kun ga bidiyon da ya yi ta yawo a WhatsApp makon jiya, na yaron nan na wajenmu da ke haɗa jirgin sama a bayan shagon walda. Ni kaɗai sau 6 aka turo mini shi, daga Bakura, daga Maradun, har da wani ɗan'uwa da ke Legas. Kowa na cewa Masha Allah, gwamnati ta dubi yaron nan, wasu har suna cewa ya tashi da shi ranar Talata a bakin kasuwa mu gani. Ban ce uffan ba a ƙarƙashin bidiyon, saboda yaron ɗan abokina ne, tare muka yi firamare da mahaifinsa, a gabana aka raɗa masa suna. Sai na ga ya fi in je in gani da idona. Ba zan faɗi sunansa ko unguwarsu ba, kuma ina roƙon waɗanda suka sani su kama bakinsu. Dalili yana tafe.

Gaskiya ya ba ni mamaki. Ba irin aikin nan ba ne na lanƙwasa gwangwani a shafa fenti a ɗauki hoto. Zane ya sauko da shi daga intanet, na ƙaramin jirgi mai kujera ɗaya, yana aunawa da tef, yana rubuta nauyin kowane ƙarfe a littafin makaranta. Muna tsaye wajen wutsiyar jirgin sai ya ce mini: “Kawu, tunda ka karanci injiniya, raba mu gardama da maigidana. Tirim ɗin ga, na lantarki za ni sawa ko na waya? Ni dai na lantarki nika so, shi ne na zamani.” Ya shiga ciki ya fito da ɗan injin nan da ke ɗaga gilashin ƙofar mota, na gwanjo, ya ce da shi zai yi, ya ga Turawa suna danna maɓalli a kan sandar tuƙi.

Tambayar ta fi bidiyon burge ni. Duk masu tafi babu wanda ya tambayi wutsiya, kowa injin da farfela yake kallo. Yaron da ya kai ga tunanin tirim ya fara fahimtar abin da ake nufi da jirgi. Amma amsar da ya zaɓa ita ta hana ni barci a daren.

Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani. A wutsiyar jirgi akwai ƙaramin fiffike a kwance, rabinsa na baya yana motsi sama da ƙasa a kan hinji. Shi matuƙa ke kira elebeta. Idan matuƙi ya jawo sanda, wannan ɓangaren ya ɗaga sama, iska ta danne wutsiya, hancin jirgi ya tashi. Idan ya tura, akasin haka. To matsalar ita ce, jirgi ba ya zama a daidaito ɗaya. Ka ƙara wuta, hanci ya nemi tashi. Ka rage, ya nemi nutsewa. Mai ya ragu a tanki, nauyi ya sauya wuri. Idan babu abin da zai karɓi wannan nauyin, matuƙi zai yi ta riƙon sanda da ƙarfin dantse tun daga tashi har sauka.

Duk wanda ya taɓa huɗa da garmar shanu ya san wannan. Idan ba a saita ta daidai ba wajen da take haɗuwa da sarƙa, ko dai ta yi ta nutsewa kana ɗagowa, ko ta yi ta fitowa kana dannawa, kafin hantsi kafaɗunka sun mutu kuma kunyar ta karkace. Idan an saita ta, hannu kawai kake ɗorawa. Tirim shi ne wannan saitin, sai dai a jirgi ana bukatar a riƙa sauya shi ana cikin tafiya.

Yadda aka fi yin sa a ƙananan jirage: a gefen baya na elebeta ana yanka wani ɗan harshe, bai fi faɗin tafin hannu da tsawon kamu ɗaya ko biyu ba, shi ma da nasa hinjin. Abin mamakin, baya-baya yake aiki. Ka lanƙwasa shi ƙasa, iska ta tura shi sama, shi kuma ya ɗaga elebeta gaba ɗaya, hancin jirgi ya tashi. Ɗan abin da za ka iya sawa a aljihun babbar riga, shi ke juya wutsiya, wutsiya ta juya jirgi.

Hanyoyin sarrafa shi ba su da yawa. Akwai wanda ake lanƙwasawa da hannu a ƙasa a bar shi haka, ba ya taɓuwa a sama, gudu ɗaya kawai yake yi wa daidai. Akwai na sifirin, wanda babu harshe ma, sifirin ne ke jan sandar tuƙi zuwa inda kake so, jiragen nan marasa inji da ke shawagi da iska suna yawan amfani da shi. Akwai na waya, irin wayar kulocin babur amma mai kauri da ke turawa ta kuma jawo, daga hannun matuƙi har wutsiya. Sai na lantarki, ɗan inji a cikin elebeta, maɓalli a kan sanda. Manyan jirage kuwa, da wasu ƙanana irin Piper Cub, fiffiken wutsiyar gaba ɗaya suke karkatawa da wani dogon ƙarfe mai zare kamar jak ɗin mota.

Ra'ayina, kuma shi na faɗa masa a gaban maigidansa: duk wanda zai haɗa ƙaramin jirgi a ƙasar nan tamu, da kayan da ke kasuwarmu, ya sa na hannu. Waya ko sifirin, duk wanda mai zanen ya rubuta. Kada ya kusanci na lantarki, balle na injin gilashin mota.

Ba wai na lantarki ba shi da kyau ba ne, kada a yi mini mummunar fahimta. Dubban masu haɗa jirgi a gida a Amurka da Turai shi suke sawa. Ya fi sauƙin nauyi, jan siririyar wayar wuta zuwa wutsiya ya fi sauƙin lanƙwasa wayar ƙarfe, kuma ba sai ka saki sanda ba kafin ka taɓa shi. Amma su ba injin gilashi suke sawa ba. Akwai kamfanoni irin Ray Allen da aikinsu ke nan, ɗan injin da aka yi domin wannan aikin, mai tafiya a hankali, mai tsayawa da kansa idan ya kai iyaka, mai riƙe wurinsa idan wuta ta ɗauke, da allon da ke nuna wa matuƙi inda harshen yake. Duk da haka suna tsoron abu ɗaya: maɓalli ya maƙale, ko wayoyi biyu su haɗu, injin ya ci gaba da tafiya shi kaɗai har ƙarshe. Kana zaune sai ka ji sanda na fizgar hannunka, hanci na kallon ƙasa. Shi ya sa suke sa makashin wuta kusa da hannu, suna kuma koyon kai masa hannu ido rufe.

Yanzu ku dawo nan gida. Wane ne a cikinmu bai taɓa sayen maɓallin fitila ko fiyus sabo fil a leda ba, sati biyu ya mutu? Wane ne gilashin motarsa bai taɓa maƙalewa a tsakiya ba ranar da hadari ya taso? A mota sai ka yi tsaki ka faka. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, ga zafin watan Afrilu da ke narkar da roba. Injin gilashi kuma an yi shi ne ya ɗaga gilashi cikin daƙiƙa 3 ko 4. Wannan saurin a kan harshen tirim, taɓawa ɗaya ta isa ta kai shi ƙarshe. Sannan yana da nauyi, kuma duk nauyin da ka ɗora a bayan hinjin elebeta sai ka rama shi da dalma a gaban hinjin, in ba haka ba ka gayyato abin da zan faɗa yanzu.

Na kama ɗan harshen da ya riga ya yanka, na girgiza shi da yatsu biyu. Yana ƙwas-ƙwas. Hinjin ƙofar kabad ne. Na ce masa, ɗana, wannan wasan da kake ji shi ne abin tsoro, ya fi zaɓin waya ko lantarki. Ya ce, “Kawu, ai kaɗan ne, mi zai yi?”

Ga abin da zai yi. Idan harshen yana da wasa, iska mai gudu za ta kaɗa shi, shi ya kaɗa elebeta, elebeta ta sake kaɗa shi, kamar kwanon rufi da ƙusarsa ta fita ranar iskar farkon damina. Karkarwar tana ninka kanta, cikin daƙiƙoƙi wutsiya ta yage. Ranar 16 ga Satumba 2011, a gasar tseren jirage ta Reno a jihar Nevada ta Amurka, wani jirgin yaƙin duniya na biyu ƙirar P-51 da aka yi wa gyare-gyare ya faɗa kan 'yan kallo. Mutum 11 suka mutu har da matuƙin, Jimmy Leeward, tsohon hannu mai shekara 74. Da hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gama aikinta, abin da ta gano shi ne notunan da ke riƙe da sukurorin harshen tirim sun tsufa sun daina kamawa, sukurori suka saki, karkarwa ta shiga, mariƙin harshen ya karye, hancin jirgin ya miƙe sama da ƙarfin da ya sumar da matuƙin nan take. Ta kuma ce an yi wa jirgin sauye-sauyen da ba a gwada ba, ba a rubuta ba. Noti fa, jama'a. Na san jirgin yaronmu ba zai yi kashi ɗaya cikin biyar na gudun wancan ba, wanda ya haura kilomita 800 a awa, amma shi ma ba shi da kashi ɗaya cikin biyar na ƙwarinsa. Abu mara ƙwari da ƙaramin gudu yake fara karkarwa.

Wanda ya fi kusa da mu kuma kowa ya tuna shi: jirgin Ethiopian Airlines da ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019, minti 6 da tashi daga Addis Ababa zuwa Nairobi, mutum 157, cikinsu akwai 'yan Nijeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. Watanni kaɗan kafin nan, a Oktoba 2018, irinsa na Lion Air ya faɗa teku a Indunusiya da mutum 189. Duka biyun Boeing 737 MAX ne, duka biyun kuma maganar tirim ce: na'ura ɗaya ta ba kwamfuta bayanin ƙarya, kwamfuta ta yi ta karkata wutsiya tana tura hanci ƙasa, matuƙa suna ja. Idan kamfanin da ke da dubban injiniyoyi ya yi kuskure a kan wa ke da iko da wutsiya, mutum ko na'ura, ina ga mai injin gilashi?

Amma a nan ma akwai abin da ya kamata in faɗa don adalci. Matuƙan jirgin Habasha sun kashe tirim na lantarki, suka koma ga na hannu, sai ya ƙi juyuwa saboda gudun ya yi yawa, iska ta danne wutsiyar. Wato na hannu ma ba laya ba ne. Waya tana da nata aibin: tana da nauyi, idan ta yi lanƙwasa da yawa takan yi wasa, ƙura da tsohon giris sukan daskarar da ita, kuma idan ba a ɗaure bakinta da kyau ba za ta iya zamewa. Abin da ya sa na fifita ta shi ne aibinta a fili yake. Kafin ka tashi za ka iya bin ta da ido da hannu tun daga kujera har wutsiya. Ba ta motsi sai ka motsa ta. Lalacewarta a hankali take zuwa, tana ba ka sanarwa. Kuma duk mai gyaran babur a Mafara ya fahimci yadda take aiki.

Tambayoyi biyu na bar masa, na ce ya rubuta a littafinsa. Idan tirim ya tafi ƙarshe ya maƙale, ƙarfin hannunka zai iya rinjayarsa har ka sauka? Idan wayar ta tsinke, harshen zai tsaya ko zai yi ta kaɗawa? Wanda bai da amsar waɗannan a lissafe, ba a baki ba, bai gama wutsiya ba. Shi ya sa girman harshen da iyakar lanƙwasarsa ba abin ƙiyasi ba ne. Abin da mai zane ya rubuta shi za a bi, ba a ƙara ko rabin inci don a ga ya fi kyau.

Wani zai ce, Malam, kai dai kana kashe wa yaro gwiwa ne, haka muke yi wa namu. To bari in tuna mana wani abu da da yawa ba su sani ba. Ƙasar nan ta taɓa haɗa ƙaramin jirgi na gaske, kuma asalinsa jirgin haɗin gida ne. Air Beetle da aka yi a Kaduna, wanda ya fara tashi a 1989, aka yi guda 60 domin koyar da matuƙan sojan sama, an ɗauko shi ne daga RV-6A, zanen wani Ba'amurke Richard VanGrunsven na jihar Oregon, wanda kamfaninsa ke sayar da jirgi gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa a garejin gidansa. Jiragen kamfanin sama da 10,000 sun tashi a duniya. Kuma a irin wannan jirgin, mai haɗawa yana da zaɓin da yaronmu ke tambaya a kai, na waya ko na lantarki. Wato tambayar da aka yi mini a bayan shagon walda, an taɓa zama a kanta a Kaduna shekara 30 da wani abu da suka wuce. Mutanen da suka buga ribitin waɗancan jiragen 'yan Nijeriya ne. Ilimin ya taɓa zama a hannunmu.

Sai kuma Mubarak Muhammad Abdullahi na Kano, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, wanda a 2007 duniya ta ɗauki labarinsa saboda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun Toyota, har ya ɗaga kamar ƙafa 7 daga ƙasa. An yi tafi sosai, na tuna. Tun daga lokacin kusan kowace shekara sai wani yaro ya fito a Arewa da nasa, a yi tafi, wani babba ya ba shi kyautar kuɗi a ɗauki hoto, shi ke nan. Abin da ba mu taɓa ba su ba shi ne mutumin da zai kama harshen tirim ya girgiza ya ce wannan bai yi ba, sake.

Su can da abin ya zauna musu, ba don sun fi mu kai ba ne. A Amurka akwai ƙungiyar masu haɗa jirgi a gida tun 1953, tana da tsofaffin hannu da ke zuwa duba aikin mutum kyauta kafin ya rufe fiffike. Hukuma ta zo ta duba kafin tashin farko. Sannan a ware maka wani yanki mara jama'a ka yi awa 25 zuwa 40 kana gwaji kai kaɗai kafin a yarda ka ɗauki ko matarka. Mu kuma muna cewa ya tashi ranar kasuwa.

Ga shi ba mu rasa wuraren ba. Kwalejin koyon tuƙin jirgi da gyaransa tana Zariya tun 1964. Cibiyar fasaha ta sojan sama tana Kaduna, a Kadunan kuma aka ƙaddamar da jirgi mara matuƙi Tsaigumi a 2018. A nan cikin garinmu ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da sashen injiniyanta. An aza harsashin filin jirgin sama a Gusau a 2024, kuma filin jirgi ba kwalta da gini kawai ba ne, zai bukaci masu gyara. Ko dai mu horar da namu tun yanzu, ko a kawo su daga wani wuri mu tsaya muna gadin ƙofa. Idan akwai mai son taimakon yaron nan, ɗan majalisa ne ko ɗan kasuwa, kada ya saya masa inji. Ya biya masa kuɗin karatun gyaran jirgi a Zariya. Ya fi tsada, kuma babu hoton da za a ɗauka ranar, na sani.

Dalilin da ya sa na ce a ɓoye sunansa kuwa, kun san inda muke. A watan Maris 2021, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumarmu, gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara. A jihar da ake zargin duk abin da ya gilma a sama, yaro ya tayar da wani abu mai fiffike ba izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, ba sanin jami'an tsaro, ko da jirgin lafiya lau yake, ba na son in yi tunanin yadda za ta ƙare. Masu tura bidiyon da sunan unguwa, ku yi wa Allah ku daina.

Mun yi zama da mahaifinsa bayan Magariba. Ya ce mini, “Malam, ni wallahi tun da anka hwara abin ga ban yi barcin kirki ba, amma in na hana shi sai a ce na tauye shi.” Na ce ba hana shi za mu yi ba. Mun tsaya a kan cewa zai ci gaba da aikin, zai cire hinjin kabad, zai ajiye injin gilashi, zai yi tirim na waya yadda zanen ya nuna, da noti mai kulle a kowace mahaɗa. Ba zai tayar da inji da farfela a jiki ba sai an ɗaure jirgin da turke kuma babu yara a wurin. Ƙafarsa ba za ta bar ƙasa ba sai injiniyan jirgi mai lasisi ya duba aikin, shi kuma ya zauna kusa da malamin tuƙi a jirgin gaske ya ji da hannunsa abin da tirim ke yi. Yaron bai ji daɗi ba. Ya ce, “Kawu, wanga ai shekaru ne.” Na ce ƙwarai, shekaru ne.

Saboda haka ga roƙona. A cikin abokaina a nan akwai waɗanda suka yi aiki a Zariya da Kaduna, akwai tsofaffin sojan sama da suka yi ritaya. Duk wanda ya san injiniyan jirgi mai lasisi da zai yarda ya duba hotunan wutsiyar nan da zanen, ko ya yi magana da yaron ta waya na rabin awa, ya yi mini magana ta akwatin sirri. Kuɗin kati da na mota ni zan biya. Ranar Talata in Allah ya kai mu zan koma wajensa da wayar da muka yi oda daga Kano.